Abin da ke tsaron jijiyoyin jinin mace

Ƴan'uwa masu karatu, kun san tiyon da masu garka ke ban ruwa da shi a bakin kogi, nan Yamai. In sabo ne yana da laushi, ruwa na wucewa. In ya tsufa sai ya sandare, ya toshe ko ya fashe. Haka jijiyoyin jini suke a jikin ɗan Adam.

Jikin mace yana yin wani sinadari, likitoci na ce masa estorojen. Daga jakunan ƙwanta guda 2 yake fitowa, ya shiga jini. Shi ke mai da yarinya budurwa. Amma aikinsa bai tsaya nan ba.

Cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa siririya. Estorojen yana sa ta fid da wata iska, iskar kuma ta sa jijiya ta saki, ta buɗe. In shimfiɗar ta ji rauni, yana taimaka mata ta warke. Yana kuma rage mugun kitsen nan mai liƙewa cikin jijiya. Yana daga cikin dalilan da ciwon jijiyoyin zuciya ke kama maza da wuri, mata kuwa sai bayan kamar shekara 10.

To, in mace ta kai shekara 45 zuwa 55, al'ada ta ɗauke, sinadarin ya ragu ƙwarai. Garkuwa ta yi rauni ke nan. Hawan jini, wanda muke cewa tansiyo, yakan shigo shiru, wani lokaci har ɓarin jiki ya shanye. Mu ce iskoki ne, alhali jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Wata za ta ce: a ba ni ƙwayarsa mana! A yi hankali. A Amurka an gwada ƙwayar estorojen haɗe da wani sinadari kan mata fiye da 16.000 da al'adarsu ta ɗauke. A 2002 aka tsai da gwajin, don kansar nono ta ƙaru, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki ma sun ƙaru. Saboda haka kar a saye ta wurin masu tallar magani.

Inna, in al'ada ta ɗauke miki, ki rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa. Ki je likitar garinku a auna miki tansiyo. In ya kai 14 bisa 9, kuma aka sake aunawa bai sauka ba, ki karɓi magani, kar ki daina sha sai da izinin likita.