Abin Da Ke Sa Tsuntsu Faɗa Da Bazara



A nan Ingila akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, ana ce da shi robin. In watan Maris ya kama, tun asuba za ka ji shi yana ta rera waƙa. Mai wucewa sai ya ce murna yake yi, alhali kuwa gargaɗi ne ga sauran maza, cewa filin nan da mai shi. Wani masani, David Lack, ya nuna cikin littafinsa na 1943 cewa ko jajayen gashin ƙirji kaɗai aka ɗaura a reshe, sai mai filin ya auka musu da sara.

To, me ke ƙara masa zafin rai a wannan lokaci? Tsawon yini ne. A ƙasashen sanyi yini yakan ƙaru ƙwarai bayan hunturu. Ƙwaƙwalwar tsuntsu takan lura da haka, ta aika da saƙo ta cikin jini, sai marainansa su girma, su zuba wani sinadari da masana ke kira testosteron. Shi ne ke ƙarfafa waƙa da neman mace da tsaron iyaka. A 1925 William Rowan na Kanada ya bayyana yadda ya kunna wa waɗansu tsuntsaye, wai su junko, fitilar lantarki kowane maraice a tsakiyar hunturu, har marainansu suka girma kamar bazara ta yi.

Amma fa jarumtar nan tana da tsada. A 1992 Ellen Ketterson da abokan aikinta a Amurka suka ba da labarin mazan junko da aka sa wa ƙarin testosteron a ƙarƙashin fata. Waƙarsu ta ƙaru, amma kai wa 'ya'yansu abinci ya ragu, wahala ta koma kan uwa. Don haka ne a tsuntsaye da yawa sinadarin nan yakan sauka da zarar ƙwai ya ƙyanƙyashe, ba ya sake hawa sai wani namiji ya kawo tsokana.

Watau dai in babu fili babu sheƙa, in kuwa faɗa ya zarce 'ya'ya su kwana da yunwa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.