Idan Rajistar Ƙungiyarku Ta Faɗa Hannun Ɓarayi, Me Za Ka Yi?

Ranar da ka yanki katin ƙungiya, ko ta dillalan kara, ko ta direbobi, ko ta 'yan kasuwar kan iyaka, ka ba da sunanka, hotonka, lambar wayarka da garinku. Wani har da lambar NIN ko ta asusun banki, wani ma an rubuta yawan shanunsa. A da duk wannan yana littafin sakatare, a kulle cikin akwati. Yanzu yana cikin kwamfuta ko waya, ana ta tura shi ta WhatsApp. In aka sace wayar, ko aka yi wa kwamfutar kutse, sirrin mutum ɗari ko dubu ya fita dare ɗaya.

Kada ka ce ai suna ne kawai. Wanda ya samu bayanan nan zai bugo maka waya, ya ambaci sunanka da na shugabanku, ya ce ana rabon tallafi, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu. To wannan lambar ita ce makullin kuɗinka. Ga makiyayi kuwa abin ya wuce kuɗi, domin sanin rugarka da yawan garkenka shi ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suke nema.

Doka ba ta bar ka haka ba. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk mai ajiye bayanan mutane ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 da gano ɓarna mai iya cutar da su. In haɗarin babba ne, dole a sanar da kai nan take, a fili, yadda za ka gane. Dokar ta kuma sa zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanan da ke buƙatar tsaro na musamman. Kana da haƙƙin tambayar abin da aka ajiye a kanka, a gyara kuskure, ko a goge abin da babu dalilin riƙe shi. Kana iya kai ƙara hukumar, ko ka nemi diyya a kotu. Ɗan Maraɗi da ya yi rajista a Jibiya, ko ɗan Ƙonni a Illela, shi ma dokar ta kare shi, tunda a Najeriya aka karɓi bayanansa. In a Nijar ƙungiyar take, hukumar HAPDP da ke Yamai za ka nufa. Gana ma tana da irin wannan doka tun 2012.

Amma kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannunka. Canza lambar sirri ta banki da ta kuɗin waya yau ɗin nan, kada ka sa shekarar haihuwarka. Kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka, ko da ya ce daga banki yake. In layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabcinka yana aiki, garzaya ofishin kamfanin waya, domin wataƙila wani ya yanki sabon sim da lambarka. Ka kuma sa banki ya rufe asusun. Kada ka goge saƙonnin da suka turo maka, su ne shedarka gaban 'yan sanda ko jandarma. Gaya wa iyalinka da yaran da ke kiwo kada su kwatanta wa baƙuwar murya inda garke yake.

Sannan ku haɗu ku rubuta wa shugabannin ƙungiya takarda, ku riƙe kwafi: me ya fita, yaushe, wa aka sanar? In ba ka iya rubutu ba, sa amintacce ya rubuta, ka dangwala. Gobe kuma in aka ce kawo lambar BVN don katin ƙungiya, fara tambaya: me za a yi da ita, wa zai riƙe ta?