Rabin Awa a Kullum: Dabarar da Ke Fitar da Kundin Digiri Daga Aljihun Tebur

Duk wanda ya taɓa zama da ɗaliban jami'a, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram, ya san wannan labari. Ɗalibi ya gama darussa, ya ci jarrabawa, ba abin da ya rage masa sai kundin kammala karatu da suke kira memwar. Sai shekara ta shige, wata ta biyo baya, kundi yana nan a babi na ɗaya. Ka tambaye shi, amsar ɗaya ce: yana jiran hutu ne ya samu sarari ya zauna. Kafin hutun ya zo, kuɗin tallafin karatu ya yanke, guraben aikin da ke neman takardar digiri sun cike, iyaye a gida sun fara tambayar ko lafiya.

Wannan ciwo ba a kan ɗalibanmu ya fara ba, har manyan malamai a ƙasashen Turai da Amurka yana damun su. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Robert Boice ya shafe shekaru yana nazarin abin da ke hana malaman jami'a rubutu. A wani bincike da ya wallafa a 1989, ya kasa malamai gida uku. Na farko ya bar su da al'adarsu ta jiran babban lokaci. Na biyu suka riƙa rubutu na ɗan lokaci kowace rana, suna ajiye lissafin abin da suka yi. Na uku suka yi kamar na biyu, sai dai shi da kansa yakan leƙa su ya ga inda suka kwana. Da aka auna, na farko shafi 17 suke samarwa a shekara, na biyu 64, na uku kuwa 157.

Me ya kawo wannan rata? Bayanin Boice shi ne, mai jiran babban lokaci yakan zauna wuni guda ya yi ta rubutu har ya galabaita, daga nan sai ya ƙaurace wa aikin makonni. In ya dawo, sai ya ɓata rabin yini yana laluben inda ya tsaya. Shi kuwa mai taɓa aikin kullum, zancen yana nan sabo a kansa, ko a kan hanyar kasuwa yana juya shi.

Tun kafin Boice, akwai marubucin Ingila Anthony Trollope, wanda ya rasu a 1882. Ma'aikacin gidan waya ne shekara da shekaru, amma da ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama a teburinsa, agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, sannan ya shirya ya tafi ofis. Ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47. A ƙarshen shekarun 1980 kuma wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da tsarin da ake kira Pomodoro, wato minti 25 na aiki ba waiwaye, sannan hutun minti biyar. Sunan ya samo asali ne daga agogon girki mai siffar tumatir da yake auna lokaci da shi.

Mai karatu, mu yi lissafi. Shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ya zama shafi 20 a wata. Cikin wata huɗu ga shafi 80 a hannu. Ai shi ya sa masu iya magana suka ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Mu da muka tashi a makarantar allo ma ba baƙon abu ba ne a gare mu: kaɗan ake rubutawa, a biya, a wanke, gobe a ƙara, har a kai ga sauka.

To amma gaskiya ɗaya ce, ba kowa wannan riga ke yi wa daidai ba. Helen Sword, lokacin tana malama a Jami'ar Okland ta ƙasar New Zealand, ta tambayi malamai da masu bincike fiye da dubu, ta kuma wallafa sakamakon a 2016 da 2017. Ta tarar da cewa mafi yawansu, har da waɗanda suka yi suna wajen wallafa, ba kullum suke rubutu ba. Ta kuma nuna cewa mutanen da Boice ya yi gwajinsa a kansu ba su da yawa. Ke nan rubutun kullum ba farilla ba ne, magani ne ga wanda aikinsa ya cije.

Ga wanda yake cikin wannan hali, abin yi ba shi da wuya. Ya zaɓi lokacin da ba mai nemansa, kamar bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Ya kashe wayar salula. Tun da dare ya san abin da zai rubuta, alal misali sakin layi ɗaya kan yadda ya tattara bayanai. Kada ya tsaya gyara yana cikin rubutu, gyara yana da ranarsa. In wuta ta ɗauke, biro da takarda suna nan, a shigar a kwamfuta daga baya. In lokaci ya cika, ya tashi ko da zance ya yi daɗi, ya bar wa kansa layi ɗaya na inda zai ɗora gobe. Sannan ya samu aboki guda da zai riƙa gaya wa yawan shafukansa duk ranar Juma'a, don kunyar idon aboki ce ta ɗaga rukuni na uku sama da na biyu.

Ranar da uzuri ya gifta, biki ko rasuwa ko jinya, kada ya ce an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Washegari ya koma kujerarsa. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, amin.