Yadda Kyanganci Ya Fice Daga Gidajen Kyangawa

A jihar Kebbi, idan ka kama hanyar Kalgo ka bi ta Bunza har Kamba, Hausa za ka yi ta ji a tasha da kasuwa, sai jefi-jefi Zabarmanci da Fillanci. Alhali ƙasar Dandi mazaunin Kyangawa ce tun kaka da kakanni, ga garin Kyangakwai nan shaida, kuma suna da harshen kansu. Kyanganci daga zuriyar Mande yake, ɗan'uwan Shanganci da Busanci, har yana da zumuntar nesa da Bambaranci na Mali. Yau akasarin Kyangawa ba sa jin sa.

Ba dare ɗaya abin ya faru ba. Kasuwa ce ke fara buɗe ƙofa: mai kai gero ko kifi dole ya yi ciniki da harshen mai saye. Wannan kaɗai ba ya kashe harshe, mutum na iya riƙe biyu har tsufa. Sai auratayya ta biyo baya. An auro Bahaushiya, ita ke goyo, ita ke rarrashi, da harshenta yaro zai fara neman ruwa. Ya je makarantar allo, malam da Hausa yake fassara. Daga nan sai a kai matakin da ya fi kowanne haɗari: kaka ta yi magana da Kyanganci, jika ya gane sarai, amma ya amsa da Hausa. Ɗan wannan jikan ko ganewar ba zai yi ba.

Amma ba ko'ina ƙaramin harshe ke ƙarewa haka ba. A tsaunukan Dolomait na arewacin Italiya akwai masu harshen Ladin, kimanin mutum 30,000, waɗanda Italiyanci da Jamusanci suka sa a tsakiya. A kwarin Gardena da na Badia makaranta ce ta tsaya musu. Ana raba darussa tsakanin manyan harsunan biyu, Ladin kuma yana da nasa darasin, yana kan allunan hanya da takardun hukuma. 'Yan'uwansu na lardin Belluno ba su sami wannan gatan ba, kuma can harshen ya fi rauni, duk da dokar Italiya ta 1999 da ta amince da shi.

Mu kuwa a Najeriya, manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko da wanda jama'ar wurin suka fi yi. A Kebbi na biyun aka fi ɗauka, wato Hausa, domin ita ke da littattafai da malaman da aka horar.