GININ TAFKIN SIMINTI A GARKA: IN ƘASA KO YANAYI SUN TSAI DA AIKI

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani. Tun daga nan garake suka yawaita cikin ƙasar Nijar. Ana noman albasa, da tumatir, da kabeji, da salati, da tattasai. Wasu garake suna fadama, wasu suna bayan gida.

Mai garka ya san wahalar ban ruwa. Shi ya sa mutane da dama ke gina ƙaramin tafki na siminti kusa da rijiya. Ana cika shi da guga ko da inji, sannan a riƙa ɗiba ana shayar da shuka. Tafki mai tsawon metir 2, faɗin metir 2, zurfin metir 1, yana cin ruwa litir 4.000. Wannan tano 20 ke nan, in kowane tano yana cin litir 200.

Amma ginin ba ya tafiya kullum yadda aka so. Wani ya ce zai gama cikin kwana goma, sai ga shi wata biyu aiki na tsaye. Abu biyu ne suka fi tsai da shi: ƙasa da yanayi. Wanda ya san halinsu yana jira, ba ya hasara. Wanda ya ƙi jira yakan yi gini sau biyu, da kuɗi sau biyu.

A FARA TAMBAYAR ƘASA

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a gina ramin gwaji inda ake son tafkin. Zurfinsa ya ɗara na tafkin da rabin metir. A rufe bakinsa da itace, a bar shi ya kwana. Da safe a duba abu uku. Ruwa ya tsattsafo? Gefen ramin ya zube? Wace irin ƙasa ce aka fitar?

Lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne ƙarshen damana, cikin watan Satumba. A lokacin ne ruwan ƙasa ya fi kusa. Ramin da aka gwada cikin bazara yana iya ruɗin mutum: ya same shi busasshe, damana ta zo wurin ya zama taɓo.

A kuma jiƙa ƙasar kaɗan, a murza ta a tafin hannu. In ta watse, rairayi ne. In ta miƙe kamar igiya ba ta tsinke ba, laka ce.

1. Jigawa

Mafi yawan gonakin hatsi na jihar Maraɗi da ta Damagaram jigawa ne. Gina rami a nan ba wuya. Wuyar ita ce gefen ramin ba ya tsayawa. A gina yau, gobe a iske rairayi ya koma ciki. Maganinsa a faɗaɗa bakin ramin, gefen ya kwanta, kada ya miƙe tsaye kamar bango. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki, kamar taki biyu. Rairayi yana da nauyi ƙwarai. Wanda ya zubo wa mai gina yana iya karya shi, ko ya kashe shi. Saboda haka kada mutum ɗaya ya shiga rami ba kowa a sama.

2. Laka

Ita ce ƙasar fadama, kamar ta Gulbin Maraɗi da ta kwarin Majiya. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, tana tsagewa in ta bushe. Kowa ya ga yadda gindin tabki ke dararrashewa da rani. Abin da aka gina bisa kanta yana motsi tare da ita: ya ɗaga da damana, ya sauka da rani, har ya tsage. Ba a zuba siminti bisa ɗanyar laka. A jira ta tsane. Sannan a shimfiɗa tsakuwa da rairayi mai kaurin santimetir 20, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai. Wannan aiki yana ƙara kwanaki, amma shi ke riƙe tafkin.

3. Dutse da marmara

A ƙasar Adar, jihar Tawa, akwai tudu masu marmara. Garin Damagaram ma bisa dutse yake zaune. A irin wannan wuri, ramin da ake ginawa cikin kwana biyu a jigawa yana iya cin sati biyu. In an ci karo da dutse, ba dole ba ne a yi ta fama da shi. Dutse gindi ne mai kyau. A daidaita shi, a gina tafkin ya tashi sama.

4. Wurin da ruwa ke kusa

A Korama, wajen Matamai da Magarya, da cikin Dallol Mawri, akwai wuraren da ake samun ruwa ba nisa. Wannan alheri ne ga mai rijiya, amma matsala ce ga mai tafki. Wanda ya taɓa danna ƙwarya cikin ruwa ya san yadda ruwa ke turo ta sama. Haka ruwan ƙasa ke yi wa tafkin da ba kome cikinsa. Yana turo shi, gindin ya fashe. In ramin gwaji ya tara ruwa, a gina tafkin bisa ƙasa, a kan dandamalin da aka daɓe. Wannan ma yana da amfani: in an sa tiyo a gindinsa, ruwa yana gangarawa da kansa zuwa fangali.

Wasu wuraren kuma suna da kanwa ko gishiri. Ana ganin fari-fari bisa ƙasa da rani. Gishiri yana cin siminti da ƙarfen da ke cikinsa. In da hali, a sake wuri. Kada kuma a kwaɓa siminti da ruwan kanwa.

YANAYI MA YANA DA TASA MAGANA

Damana. Daga Yuni zuwa Satumba ba lokacin wannan gini ba ne. Ruwa ɗaya yana cika ramin, ya rusa gefensa. Hanyoyi suna lalacewa, amalanke ba ta iya kawo tsakuwa. In ruwan sama ya bugi simintin da aka zuba bai yi awa kaɗan ba, yana wanke samansa, ya bar rairayi. Ruwa kuma yakan zo fiye da yadda aka saba. A 2020 kogin Kwara ya yi ambaliya a Yamai. A 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa cikin ƙasa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Wanda damana ta iske da buɗaɗɗen rami ya yi abu uku: ya ja masa shinge, ya yi kunya kewaye da shi don ruwa ya bi gefe, ya dakata sai kaka.

Bazara. Cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Mutane da yawa suna zaton rana ce ke ƙarfafa siminti, kamar yadda take busar da tubalin ƙasa. Ba haka ba ne. Siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi. In rana ta shanye ruwan da wuri, ginin ya bushe amma bai nuna ba. Kamar tuwo ne da aka sauke kafin ya dahu. In dole sai an yi aiki da bazara, a zuba da sassafe ko bayan la'asar. A ajiye tsakuwa da ruwa cikin inuwa.

Ɗari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi. Ba ruwan sama, zafi ya ragu. Amma iskar hunturu busasshiya ce. Tana shanye ruwan siminti kamar yadda take fasa leɓe da ƙafa. A kafa zana ta wajen da iska ke bugowa, a rufe ginin.

JIRAN DA BA A TSALLAKEWA

Ko ƙasa ta yi kyau, ko yanayi ya yi daidai, siminti yana da kwanakinsa.

Ga gindin tafki, ana haɗa bokiti 1 na siminti, bokiti 2 na rairayi, bokiti 3 na tsakuwa. Kaurinsa kada ya gaza santimetir 10, da sandunan ƙarfe a ciki. Ga yaɓen ciki, bokiti 1 na siminti, bokiti 3 na rairayi. Kada a cika ruwa wajen kwaɓi don aiki ya yi sauƙi: kwaɓi mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi. Abin da aka kwaɓa a yi aiki da shi kafin awa ɗaya.

Bayan an zuba, a rufe da tsofaffin buhuna ko tabarma. A riƙa jiƙa su safe da rana da marece, har kwana 7. Kada a bari su bushe. A kwana 7, siminti ya samu wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Sai ya kwana 28 yake cika ƙarfi. Tubalin siminti ma haka ne: a shayar da shi kwana 7 cikin inuwa kafin a yi gini da shi.

Bayan yaɓe ya kama, a zuba ruwa kaɗan a gindin tafkin don ya zauna da danshi. A riƙa ƙarawa sannu sannu. Kada a cika shi maƙil sai kwana 28 sun cika. Ruwan litir 4.000 nauyinsa kilo 4.000 ne, daidai da buhun siminti 80. Ɗanyen bango ba ya ɗaukar wannan kaya.

In an cika, a yi alama a bango, a rufe, a duba washegari. Rana da iska suna shan ruwa, da bazara har wajen santimetir 1 a yini. In abin da ya ragu ya fi haka da yawa, tafkin yana yoyo. A nemi wurin a gyara.

MANOMA BIYU

Ga misali. Manoma biyu sun sai da albasa cikin Afrilu, kuɗi sun shigo hannu. Kowane yana son tafki.

Na farko ya sayi siminti nan take. Ya gina rami cikin Mayu, ya zuba gindi da tsakar rana. Kafin a ja bango, hadarin farko ya taso. Rami ya cika, gefe ya zube. Sauran simintin ya kwana damana cikin ɗaki mai yoyo, ya daskare. Da kaka sai da ya sake saye.

Na biyu ya sayi ƙarfe, ya tara tsakuwa, ya ajiye sauran kuɗin. Cikin Satumba ya yi ramin gwaji, ya ga ruwa ya tsattsafo. Sai ya matsa zuwa wuri mai ɗan tudu. Da aka gama girbi ya sayi siminti, ya buga tubali. Ya yi gini cikin Nuwamba. Dashen farko da guga ya shayar da shi, ya sha wuya wata ɗaya. Amma ƙarshen Disamba tafkinsa ya cika, bai tsage ba.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Na farko ya riga farawa da wata shida, na biyu ya riga shi shan ruwa.

AIKIN DA AKE YI LOKACIN JIRA

Jira ba zaman banza ba ne. Ga abin da mai tafki zai yi:

1. Ya tara tsakuwa da rairayi. Rairayin gulbi ya fi, amma a gwada shi. A zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. In laka mai kauri ta kwanta bisa rairayin, sai an wanke shi ko a sake wani.

2. Ya bar sayen siminti sai ƙarshe. Buhu kilo 50 ne, ko na Malbaza ko na wani wuri, kuma duk ba su son danshi. A ɗora su bisa katako, nesa da bango, kada a jera fiye da 10 bisa juna. Kada su wuce wata 3 a ajiye. In akwai dunƙulen da yatsa ba ya murƙushewa, simintin ya mutu.

3. Ya shirya da magini gaban shaidu. A biya shi bisa aikin da ya gama: gindi, bango, yaɓe. A faɗi tun farko cewa ranar da ruwa ko ƙasa suka hana aiki ba laifin kowa ba ce. Wannan yana hana rigima.

4. Ya rubuta. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ga ranar amfaninsa. Ya rubuta cikin littafinsa ranar da aka zuba gindi, da ranar da aka yi yaɓe. Ya ƙirga kwana 7, ya ƙirga kwana 28. Ya rubuta buhu nawa aka saya, nawa aka kwaɓa, nawa aka ba magini. Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

5. Ya nemi shawarar malamin gona, da tsofaffin masu ginin rijiya na gari. Su ne suka san abin da ke ƙarƙashin ƙasar.

A KULA DA YARA

Ramin da aiki ya tsaya cikinsa tarko ne. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa cikin ruwan da bai kai gwiwar babba ba. Awaki da tumaki ma suna faɗawa. Tun ranar da aka fara gina, a ja shinge na ƙaya ko na zana.

Ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo, shi ke kawo zazzaɓi. In ruwan sama ya taru a rami, a kwashe shi. In tafki ya gamu, a yi masa marfi, a riƙa ƙarar da ruwansa ana wanke shi kowane sati. Ruwan tafki na shuka ne, ba na sha ba ne, ba kuma wurin wankan yara ba ne.

ABIN TUNAWA

Gwajin ƙasa: Satumba. Tara kaya da buga tubali: Oktoba. Gini: Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda bai gama ba kafin Mayu, ya rufe aikinsa ya jira kaka.

Tafkin da aka yi wa haƙuri yana shekaru yana aiki. Wanda aka yi wa gaggawa, damana ɗaya ta ishe shi. Sannu ba ta hana zuwa.