Me Ya Raba Bado da Kainuwa?

Ƙasar Gumel ba ta da kogin da ke gudana duk shekara. Daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa da Maigatari, damina ce ke cika tafkuna, rani ya shanye su. To me ya sa tafkin daji ke fitar da bado, kududdufin cikin gari ya rufe da kainuwa, alhali sama ɗaya ta zubo musu ruwa?

Zargin farko ya faɗa kan iri. Amma tsuntsaye da kofaton shanun da ke zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis suna yawo da iri ko'ina. Irin yana isa, kamawa ce ba ya yi.

Sai aka dubi zurfi. Shi ma bai warware ba, domin akan sami tafki da kududdufi masu zurfi ɗaya, tsironsu daban.

Saiwa ce ta tona asirin. Bado yana kafa saiwarsa a taɓo, daga can yake ci, don haka ruwa garau ya ishe shi. Kainuwa kuwa saiwarta a ruwa take reto, abincinta dole ya kasance narkakke. Kududdufi na karɓar kashin dabbobi da toka da ruwan wanki, waɗanda ke ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras, irin na takin zamani. Da kainuwa ta samu wannan sai ta shimfiɗu, ta tare hasken rana, abin da ke ƙarƙashi ya mutu.

Shaida ta ƙarshe tana ƙasar Manga a Nijar, inda ake haƙo kanwa. A tafkunan can ruwa na ƙafewa ya bar gishiri, gishirin ya zuƙe ruwan jikin saiwa, har bado da kainuwa su gagara rayuwa. Duk da haka, a irin wannan ruwa na Kanem a Chadi, matan Kanembu ke tace wani koren gansakuka su busar da shi don miya.

Ashe kowane tsiro yana da ruwan da ya dace da shi. Don haka idan kainuwa ta mamaye inda mutane ke ɗiban ruwa, kwashe ta kaɗai ba ya magani. Sai an tare ƙazantar da ke kwarara ciki, domin lafiyar yaranmu da dabbobinmu.