Kwandon Magidanci da Lissafin Ƙasa: Ma'aunai Biyu na Hauhawar Farashi

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa hauhawar farashi ta kai kashi kaza, ana maganar ma'aunin farashin kayan masarufi ne, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa wata-wata. Amma akwai wani ma'aunin da ba a cika ambatonsa ba, wato na farashin duk abin da ƙasa ta samar a cikin gida, wanda ake tatsowa daga lissafin GDP. Su biyun tsada suke aunawa, sai dai ba tsadar abu ɗaya ba.

Na farko daga kasuwa yake fitowa. Ma'aikata kan zagaya su tambayi kuɗin mudun masara, kwalbar manja, hayar ɗaki da kuɗin mota, sannan a kwatanta da na watan jiya da na bara. Na biyun kuwa a teburin lissafi ake samo shi. A ɗauki darajar abin da ƙasa ta samar a farashin bana, a raba da darajar waɗannan kayan a farashin wata shekara da aka tsayar, a ninka da 100. A ce a farashin bana darajar ta ba da naira 120, a farashin waccan shekarar kuma 100. Ke nan farashi ya ƙaru da kashi 20.

Babban bambancinsu yana bakin iyaka. Kwandon magidanci, wato jerin kayan masarufin da ake bin farashinsu, bai damu da inda aka yi kaya ba: wayar China da shinkafar waje suna ciki, muddin ana saye. Lissafin ƙasa kuwa ba ruwansa da kayan waje, amma ya rungumi ɗanyen man da ake lodawa a jiragen ruwa, da gadojin da ake ginawa, da aikin malamin makarantar gwamnati, abubuwan da uwargida ba ta taɓa taya su ba. A ƙasa mai mai kamar Nijeriya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016. A 2015 kayan masarufi sun tashi da kusan kashi 9, alhali ma'aunin GDP, bisa alƙaluman wancan lokacin, bai kai kashi 3 ba. Babu wanda ya yi ƙarya cikinsu. Abin da muke sayar wa duniya ne ya yi araha, abin da muke ci ya yi tsada.

Sai batun tsufa. Kwandon masarufi tsayayye ne, in mutane sun bar shinkafa sun koma taliya, shi bai sani ba. Namu ya zauna a kan shekarar 2009 har zuwa 2025, kuma da aka sabunta shi, adadin ya sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairu, ba tare da an rage wa kowa kuɗin mudu ba. Ma'aunin GDP yana bin abin da aka samar a kowace shekara, don haka ba ya daskarewa haka. Amma shi ma yana da nasa tabon: har 2014 da farashin 1990 ake lissafin, lokacin da ba a san wayar salula a ƙasar ba.

Wajen sauri kuwa ba a haɗa su. Na masarufi wata-wata, na GDP sai bayan wata uku, kuma a kan dawo a gyara shi. Ga shi ya dogara da ƙiyasin cinikin mai shayi da ɗan acaɓa, waɗanda ba sa ajiye rasit.

Mai son sanin ko tattalin arziki ya girma da gaske ko kuɗi ne kawai suka kumbura, ko mai auna bashin gwamnati da harajinta, ba shi da madogara sai ma'aunin GDP. Amma da a ce da shi aka zauna tattauna mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, da an cuci ma'aikaci, domin albashinsa a shago yake ƙarewa, kuma farashin gangar mai ba ya cikin cefanensa.